Wasiyya a Ingila: Fam 20 a Kanti ko Fam 300 a Ofishin Lauya?

A watan Mayu na 1999 wani lauya ya je gidan wasu dattawan ma'aurata a Ingila, Alfred Rawlings da matarsa Maureen, riƙe da takardu biyu. Wasiyyoyinsu ne da ya tsara musu, iri ɗaya sak, suna kawai ya bambanta. In miji ya riga tafiya, komai na matar ne. In ita ta riga, komai nasa ne. In duka sun kau, dukiya ta koma hannun Terry Marley, wanda suka riƙa kamar ɗan cikinsu ko da yake hukuma ba ta san shi a matsayin ɗansu ba. 'Ya'yansu maza biyu kuwa ba a bar musu ko anini ba. Lauya ya miƙa takardu, aka rattaba hannu, shi da sakatarensa suka yi shaida, kowa ya kama gabansa. Babu wanda ya lura cewa miji a kan wasiyyar matar ya sa hannu, matar kuma a kan ta mijin.

Maureen ta rasu a 2003, asiri bai tonu ba. Sai da Alfred ya bi ta a 2006 aka buɗe takarda aka ga ɓarnar. 'Ya'yan nan biyu suka ce mahaifinsu bai bar wasiyya ba, tunda wadda ke ɗauke da sunansa ba shi ya sa mata hannu ba, don haka fam dubu 70 da ya bari nasu ne. Babbar kotu ta ba su gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ma haka. Sai a watan Janairun 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce wannan tuntuɓen alƙalami ne da doka ta yarda a gyara, ta mayar wa Marley abinsa. An fi shekara bakwai ana ja a kan musayar takarda da ba ta ɗauki daƙiƙa biyu ba.

Wanda ya ji wannan labari zai iya cewa to ina amfanin lauyan? Ai gara mutum ya shiga kantin sayar da kayan rubutu ya sayi fom ɗin wasiyya na fam 20 ko ƙasa da haka, ya cike abinsa a teburin cin abinci. Wannan muhawara ce da ba ta ƙarewa a Ingila, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Sai dai labarin Rawlings yana da wutsiya. Da aka zo lissafin kuɗin shari'a, wanda ya taru tun daga kotun farko har ta ƙoli, alƙalai suka ɗora nauyin a kan kamfanin inshorar lauyan da ya yi kuskuren. Da Alfred ne ya yi wa kansa wannan aika-aika da fom ɗin kanti, daga dukiyar da ake faɗa a kanta za a ciri kuɗin faɗan, kuma da wuya a ga saura.

Abin da ke ba mutane ƙarfin gwiwar rubuta wasiyya da kansu shi ne dokar kanta ba ta da tsawo. Dokar Wasiyya ta 1837, wadda aka yi a shekarar da Sarauniya Victoria ta hau gado, ita ce har yau ke aiki a Ingila da Wales, kuma ba ta ce dole sai da lauya ba. Ba ta nemi hatimi ko takarda ta musamman ba. Abin da sashe na 9 ya shardanta shi ne wasiyya ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu da niyyar tabbatar da ita, a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, sannan kowane shaida ya sa nasa hannun a gaban mai wasiyyar. Ƙari a kan haka, mutum ya kai shekara 18 kuma yana cikin hankalinsa. Iyakar abin ke nan. Bayan ambulan ma ya wadatar in an cika waɗannan sharuɗɗa.

Matsalar ita ce dokar ba ta san uzuri ba. Ka sa hannu a gaban maƙwabcinka na dama da safe, ka kai wa na hagu da yamma ka sake nuna masa shi kaɗai, to takardar ta zama shara, ko da duk unguwa ta san abin da kake nufi. Akwai kuma tarkon da ya fi cin mutane, na sashe na 15. Duk wanda ya yi shaida a wasiyya, shi ko matarsa ko mijinta, ya rasa abin da aka bar masa a cikinta. Wasiyyar tana nan daram, rabonsa ne kawai ya tashi. To wa mutum zai kira ya yi masa shaida in yana cike fom a gida da daddare? Wanda ke kusa, wato matarsa ko babban ɗansa ko surukinsa, mutanen da dominsu aka yi wasiyyar tun farko.

Sashe na 18 ma yana da nasa cizon: ɗaura aure yana soke duk wasiyyar da mutum ya yi kafin auren, sai in an rubuta a cikinta cewa an yi ta ne da sanin za a auri wance. Dattijon da matarsa ta rasu, ya rubuta wa 'ya'yansa komai, bayan shekara biyar ya sake aure, yana nan yana ganin ya gama shiri alhali hannunsa wayam yake. Abin mamaki, saki ba ya soke wasiyya. Abin da yake yi shi ne a ɗauki tsohuwar matar kamar ta mutu ranar da auren ya mutu. A Sikotland kuwa, wadda ke cikin Birtaniyar amma da dokarta daban, aure ba ya soke wasiyya, shaida ɗaya ya isa, kuma ɗan shekara 12 zai iya yin wasiyya. Fom ɗin da aka buga don Landan ba lalle ne ya yi aiki a Glasgow ba.

Waɗannan duk abubuwa ne da mai natsuwa zai iya karantawa a takardar bayanin da ke zuwa tare da fom, ya kiyaye. Inda aka fi zamewa shi ne wajen kalmomi, don mutum yana rubutu ne da harshen gidansa, alƙali kuma zai karanta da harshen kotu. A 1906 an kai wata wasiyya kotu a Ingila mai kalmomi uku kacal, ma'anarsu komai na uwa ne. Aka yi ta ja, sai da shaidu suka tabbatar cewa mutumin matarsa yake kira uwa, sannan aka ba ta. Bahaushe bai kamata ya yi dariya ba. In ɗayanmu ya rubuta cewa gida na Hajiya ne, wace Hajiyar? Ta ɗaki ko wadda ta haife shi? In ya ce a raba wa yarana, agolan da ya taso a hannunsa yana ciki? A dokar Ingila ba ya ciki sai an ambace shi. A 1943 sai da shari'ar wata mata da ta rubuta wasiyyarta da kanta ta kai Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, a kan kalma ɗaya. Ta ce ta bar wa 'ya'yan 'yan'uwanta duk kuɗinta, alhali mafi yawan arzikinta hannun jari ne. Shin hannun jari kuɗi ne? Dattawan suka ce a bakin wannan mata, e, kuɗi ne. Amma kafin a kai ga wannan e ɗin lauyoyi sun ci rabonsu.

Sai mantuwa. Mai rubuta wa kansa yakan lissafa abin da idonsa ke gani, gida ga wane, mota ga wance, ya manta da jimla mafi muhimmanci, wato wa zai ɗauki duk abin da ya saura. Yakan manta ya faɗi abin da za a yi in wanda ya bar wa abu ya riga shi mutuwa. Yakan ba da gidan da daga baya ya sayar ya sayi wani, sai magajin ya tashi a tutar babu, don gidan da aka ambata ba ya cikin dukiyar kuma. Wani ma yakan ba da abin da ba nasa ne ya bayar ba. Yawancin ma'aurata a Ingila suna sayen gida da sunansu biyu a wani tsari da in ɗaya ya mutu gidan ya zama na ɗayan kai tsaye, ba tare da ya bi ta wasiyya ba. Ko ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa rabinka na 'ya'yanka ne, rubutun banza ne muddin ba ka sauya tsarin mallakar ba tun kana da rai. A shari'ar Rawlings ma gidan bai shiga rigima ba, don da sunan Marley a jikinsa ta wannan hanya. Kuɗin fansho na wurin aiki shi ma galibi ba ya bin wasiyya, yana bin fom ɗin da ma'aikaci ya cike tun ranar da ya kama aiki, wataƙila da sunan wadda suka rabu shekara goma da suka wuce.

A nan ne, a ganina, ake gane abin da ake saye da fam 200 ko 300 da lauya ke caja a kan wasiyya mai sauƙi. Takardar kanta ba wani abin a zo a gani ba ce, shi ma daga samfurin da ke kwamfutarsa yake ɗaukowa. Abin da ke da tsada shi ne tambayoyin da zai yi maka, waɗanda kai ba za ka yi wa kanka ba. Wannan auren naka na farko ne? Da sunan wa gidan yake? Kana da kadara a wata ƙasa? In ku biyun kuka mutu a hatsari ɗaya, wa zai riƙe yara? Akwai wanda kake ciyarwa da iyalinka ba su sani ba? Fom ba ya kallon fuskarka ya ga ka yi jim kafin ka amsa.

Lauya kuma yana ajiye bayanin zaman da kuka yi, wanda zai iya zama shaida ranar da wani ya ce tsoho ya riga ya ruɗe sa'ad da ya sa hannu. Ma'aunin hankalin mai wasiyya a Ingila ya samo asali ne daga wata shari'a ta 1870, ta wani John Banks da ya yi imani mugayen iskoki na bibiyarsa, har da wani mutum da ya daɗe da mutuwa. Kotu ta amince da wasiyyarsa duk da haka, saboda ya san abin da ya mallaka, ya san masu haƙƙi a kansa, kuma ruɗun nasa bai taɓa rabon da ya yi ba. Lauya mai lura in ya ga tsufa ko jinya ta kama mutum yakan nemi likita ya duba shi ya rubuta ra'ayinsa kafin a sa hannu. Wasiyyar da ɗa ya cike wa uwarsa mai shekara 85 a gefen gadon asibiti, wadda kuma shi ya fi kowa samu a cikinta, gayyatar ƙara ce kawai.

Abu na ƙarshe da ake saye shi ne wanda za a kama. Tun shari'ar White da Jones a 1995 doka ta tabbatar cewa magajin da sakacin lauya ya sa ya yi asara zai iya kai lauyan ƙara, ko da ba shi ya ɗauke shi aiki ba. A waccan shari'a wani uba ne ya shirya da 'ya'yansa mata biyu bayan saɓani, ya umarci lauyoyi su sake masa wasiyya ya ba kowacce fam dubu 9, suka yi ta jan ƙafa har ya mutu. Kotu ta sa suka biya 'yan matan. Kowane solisita, wato lauyan ofis mai tsara takardu saɓanin barista mai tsayawa gaban manyan kotuna, dole ne ya riƙe inshora, kuma akwai hukumar da ke sa masa ido da ofishin da ake kai kukansa.

Kada dai a ɗauka duk wanda ya sa kwat ya ce yana rubuta wasiyya lauya ne. A Ingila rubuta wa mutane wasiyya don kuɗi ba ya cikin ayyukan da doka ta keɓe wa lauyoyi. Kowa zai iya buga kati gobe ya fara. A 2013 hukumar da ke kula da ayyukan lauyoyi ta ba da shawarar a sa wa sana'ar linzami, ministan shari'a na lokacin, Chris Grayling, ya ƙi. A cikin masu wannan sana'a akwai ƙwararru masu amana da ke cikin ƙungiyoyin da suka kafa wa kansu ƙa'ida. Akwai kuma masu tallar wasiyya a kan kuɗi kaɗan don su shigo falonka, su sayar maka da ajiyar takarda ta shekara-shekara, su kuma rubuta kamfaninsu a matsayin wasiyyin da zai raba dukiyar, ya yanki kasonsa daga cikinta bayan ka tafi. Wannan dabara ta ƙarshe wasu bankuna da lauyoyi ma suna yin ta, don haka a karanta sunan wasiyyi da kyau ko a ofishin wa ake. Matarka ko ƙaninka ko amininka na iya zama wasiyyi, kuma doka ba ta hana wasiyyi ya ci gado ba. Su kansu lauyoyin ba mala'iku ba ne. Wani gwaji da kwamitin kare masu hulɗa da lauyoyi ya wallafa a 2011, inda aka tura mutane suka yi wasiyyoyi aka ba masana suka duba, ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda lauyoyi suka rubuta ba su ci jarrabawa ba, daidai da na kamfanonin da ba lauyoyi ba. Lauyan da ya ƙware a cinikin gidaje ba lalle ne ya iya gado ba.

Tsakanin fom ɗin kanti da ofishin lauya akwai hanyoyi masu rangwame. Kamfanonin intanet suna yi wa mutum tambayoyi a waya su haɗa masa wasiyya, wasu har da mai dubawa, a kan abin da bai kai kuɗin lauya ba. A watan Nuwamba akwai shirin Will Aid, inda lauyoyi ke rubuta wasiyya mai sauƙi su bar mutum ya ba ƙungiyoyin agaji sadaka a madadin kuɗin aiki. A Maris da Oktoba akwai Free Wills Month ga 'yan shekara 55 zuwa sama. Ƙungiyoyin ƙwadago da yawa suna yi wa mambobinsu kyauta.

To wa fom ɗin ya ishe shi? Wanda rayuwarsa miƙaƙƙiya ce: aure ɗaya mai rajista, 'ya'ya duk na ɗaki ɗaya, dukiya duk a Ingila kuma ba ta kai ta haraji ba, nufinsa kuma komai ga matarsa, bayanta ga 'ya'ya daidai wa daida. Irin wannan mutum in ya bi ƙa'idar shaidu, fam 20 ɗinsa ta yi masa aiki, kuma ya fi wanda bai rubuta komai ba nesa ba kusa ba. Abin da nake shakka shi ne ko mutum nawa ne daga cikin 'yan'uwanmu da ke can, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da direbobi a Landan da Manchester da Birmingham, za su shiga wannan sahu.

A duba abin da ke faruwa in Musulmi ya mutu a Ingila ba wasiyya, ko da wasiyyar da ta lalace, don duk ɗaya ne a wurin kotu. Matarsa za ta kwashi kayan amfaninsa na yau da kullum, da fam 322,000 na farko, adadin da aka sa tun watan Yulin 2023, da rabin abin da ya saura. 'Ya'ya su raba ɗaya rabin, mace da namiji kai ɗaya. A ce ya bar fam dubu 500 da sunansa shi kaɗai. Matar ta tashi da dubu 411, 'ya'ya duka su raba dubu 89. Mahaifiyarsa da ke Kano ko Damagaram, wadda kowane wata take jiran saƙonsa, ba ta da ko sisi. A rabon Musulunci tumunin matar dubu 62 da ɗari biyar ne, sudusin uwa kuma ya haura dubu 83. Ba kusa suke ba.

Wannan ma in dokar Ingila ta yarda matarsa ce. Auren da aka ɗaura a Kano ko Yamai bisa ƙa'idar can, galibi Ingila tana karɓarsa. Har auren mace fiye da ɗaya kotu ta taɓa karɓa wajen gado: a 2010, a shari'ar wani mutumin Ghana da ya mutu ya bar kadara a Ingila da mata da dama da ya aura bisa al'ada a ƙasarsa, alƙali ya ce matan su haɗu su raba kason mata. Amma auren da liman ya ɗaura a falo ko a ɗakin taro a cikin Ingila, ba a je an yi rajista ba, wani zance ne daban. A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Akhter da Khan, waɗanda aka ɗaura musu aure a wani gidan cin abinci a Landan a 1998 suka haifi 'ya'ya huɗu, cewa a idon doka ba a yi aure ba sam. Matar da ke irin wannan hali in mijinta ya mutu ba wasiyya, tana takaba amma ba ta cikin magada. Abin da ya rage mata shi ne ta shigar da ƙara ta nemi a ba ta abin zaman gari, a matsayin wadda suka zauna tare aƙalla shekara biyu.

Don haka kalmar wasiyya tana ɗaukar nauyi biyu a can. A fiƙihun da muka tashi da shi, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Ragowar ba ruwan mamaci da shi, rabo ne da aka riga aka yanke. A Ingila kuwa mutum yana da 'yancin ba da dukiyarsa duka ga wanda ya ga dama, kuma wannan 'yanci shi ne ƙofar da Musulmi ke bi ya ce a raba tasa bisa shari'a. In bai rubuta ba, babu mai yi masa. Rubutawar kuma ba ta fom ba ce, don kason kowa ya dogara ne ga waɗanda suka rage a raye ranar mutuwa, abin da babu wanda ya sani ranar rubutu. Dole a tsara kalmomin yadda za su dace da kowane hali, a kuma faɗi mazhabar da za a bi da wanda zai yi lissafin. A 2014 ƙungiyar lauyoyin Ingila ta fitar wa mambobinta jagora kan rubuta irin wannan wasiyya, aka yi mata ca, ta janye shi kafin shekarar ta ƙare. Janyewar ba ta haramta komai ba, kuma akwai lauyoyi da dama da suka ƙware a kai.

Ko an tsara ta da kyau akwai duwatsu biyu a hanya. Na farko dokar 1975 da ta ba mata da 'ya'ya da waɗanda mamaci ke ciyarwa damar cewa ba a yi musu tanadin da ya dace ba. Da ita Heather Ilott ta samu fam dubu 50 daga dukiyar mahaifiyarta, wadda ta bar kusan rabin miliyan ga ƙungiyoyin kula da dabbobi da tsuntsaye ta hana 'yarta tilo, shari'ar da ta ƙare a Kotun Ƙoli a 2017. Da ita kuma a 2023 wata dattijuwa da ta yi shekara 66 da mijinta, ya mutu ya bar komai ga 'ya'yansa maza biyu, ta samu rabin dukiyar. Matar da aka ba tumuni, in ba ta gamsu ba, ƙofar kotu a buɗe take gare ta. Dutse na biyu haraji ne. Abin da ya haura fam 325,000 ana cire masa kashi 40 cikin ɗari, da ƙarin rangwamen da ya kai 175,000 in gidan zama ya faɗa hannun 'ya'ya ko jikoki. Abin da aka bar wa mata ko miji na aure mai rajista kuwa ba haraji a kansa. A ce dukiya dubu 800 ce. In duka aka ba matar, gwamnati ba ta karɓi komai a ranar ba. In tumuninta kawai aka ba ta, dubu 100, saura dubu 700, a cire rangwamen dubu 500, a biya dubu 80. Akwai hanyoyin amana da lauyoyi ke tsarawa don a rage wannan ba tare da an bar rabon shari'a ba, malamai kuma suna da maganganu a kansu. Ba abin da za a koya daga bayan fom ba ne.

Sannan ga gidan da aka gina a gida. Ƙa'idar da kotunan Ingila ke bi ita ce fili da gini suna bin dokar ƙasar da suke. Gidan da ke Kaduna dokar Kaduna ce za ta raba shi. Wani abin sha'awa shi ne Dokar 1837 ɗin nan ta taɓa zama tamu, don Turawa sun shigo da ita Najeriya cikin dokokin Ingila da ke aiki ranar 1 ga Janairun 1900. Da ita Kotun Ƙolin Najeriya ta yi hukunci a 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, cewa Musulmi zai iya yin wasiyyar da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Daga baya wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka yi nasu dokokin da suka toshe wannan ƙofa ga wanda shari'ar Musulunci ke hawa kansa. Mai kadara a ƙasashe biyu sau da yawa wasiyya biyu yake bukata, kuma nan ma da rami, don kusan kowane fom yana farawa da jimlar da ke soke duk wasiyyar da aka yi a baya. Sai mutum ya cike na Landan ya kashe ta Kano bai sani ba.

Dokar Ingila tana iya sauyawa. Lokacin korona an yarda a yi shaida ta bidiyo, daga ƙarshen Janairun 2020 zuwa ƙarshen Janairun 2024, aka rufe. A watan Mayun 2025 hukumar gyaran dokoki ta ba da shawarar a karɓi wasiyyar da aka yi a na'ura, a sauko da shekaru zuwa 16, a daina barin aure yana soke wasiyya, a kuma ba alƙali ikon karɓar takardar da ta kuskure wata ƙa'ida in nufin mai ita a fili yake. Shawara ce, sai majalisa ta mai da ita doka. A jihar Michigan ta Amurka sassaucin dokar can ya sa a 2023 masu taya alƙali hukunci suka karɓi wasu shafuka da mawaƙiya Aretha Franklin ta rubuta da hannunta, waɗanda aka tsinta a ƙarƙashin matashin kujerar falonta. A Ingilar yau, da yake babu shaidu a jikinsu, ba za su wuce ƙofar kotu ba.

Maganar kujera ta kawo mu wurin ajiya, wanda masu fom suka fi sakaci da shi. Kotun gado asalin takardar take nema, wadda alƙalami ya taɓa. In an san tana hannun mamaci aka neme ta aka rasa, doka tana ɗauka shi ya yaga ta da gangan, sai an kawo hujjar akasin haka. Lauyoyi galibi suna ajiye wa wanda suka rubuta wa, wanda ya yi da kansa kuma zai iya kai tasa ofishin kotun gado a ajiye masa a kan kuɗi kaɗan, ya faɗa wa wasiyyinsa inda take. Akwatin ajiya na banki ba wuri ne mai kyau ba, don bankin na iya ƙin buɗewa sai an kawo takardar izinin kotu, kotu kuma ba ta ba da izinin sai ta ga wasiyyar. Kada a goge, kada a kankare, kada a ƙara layi da biro bayan shaidu sun tafi, don gyaran da ba a yi masa sabuwar shaida ba ba ya aiki. Kada ma a maƙala mata komai. In ma'aikacin kotu ya ga ramin fil ko sawun tsatsar ƙarfen maƙala takarda a kusurwarta, zai tambayi wane shafi ne aka cire, kuma sai wani daga cikin iyalin ya yi bayani a rubuce kafin a ci gaba.